Hannun Da Na Hana A Ɗaga

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina malamin wasanni a wata sakandare a Kalgo, kuma rabin aikina zaɓe ne. Duk farkon zango sai in jera yara a fili, in hura usur, in ce kai shigo, kai koma aji. Na iya aikin, ba yabon kai ba. Daga yadda yaro ke taka ƙasa nake gane ko zai yi gudu ko ɓata mini lokaci zai yi. Ban taɓa damuwa da abin da ke cikin ran wanda ke tsaye a layi ba, sai ranar da aka jera nawa yaron a wata ƙasa, wasu kuma suka riƙe usur ɗin.

Ɗan ƙanwata ne, ɗanta na fari. Mijinta ya rasu a Wurogauri yaron yana shekara tara, na je na ɗauko shi ya dawo hannuna. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta tambaye shi sai ta ce, "Yaya, ina yaron wurinka?" kamar ba ita ta yi naƙudarsa ba. Ni ma zan bi sahunta a nan, in bar sunan.

Ragon layya ne ya tona mini asirin ƙafarsa. Ya tsinke igiya ana gobe salla ya miƙi hanyar fadama, manya uku suka bi shi suka dawo suna haki. Yaron nan ya ajiye bokitin da ke hannunsa, kafin ragon ya kai kwalbati ya riƙe masa ƙafar baya. Daga ranar ban sake barinsa ya huta ba. Da an sallame sallar asuba muna kan yashi, ni a kan keke, shi a ƙasa. In ya ce ƙirjinsa na zafi in ce nawa ma yana yi. In ƙaya ta soke shi in ce ya cire ta in mun koma gida. Ba shi da musu. Komai na ce, sai ya ce, "To, Kawu."

Dole in faɗi inda na samo wannan hali. A Gwandu aka haife ni, amma dangin mahaifiyata Fulani ne na wajen Ceberu, kuma muna yara, bayan an kai amfanin gona gida, akan tafi da mu can kallon sharo. Akwai wani ƙanen mahaifiyata da har yau nake ganinsa in na rufe ido: tsaye ba riga, yana duba fuskarsa a ɗan madubi, ana zuba masa tsumagiya a haƙarƙari, jini na bin gefen cikinsa, shi kuwa yana gyara kitsonsa. Tun daga nan na ɗauka cewa namiji shi ne wanda ba ya nuna ya ji. Ni kaina ban taɓa shiga fili ba. Mahaifina malami ne, ya hana, kuma gaskiya na ji daɗin hanin. Bulala ɗaya ba ta taɓa sauka a jikina ba, amma na fi waɗanda suka sha ta iya wa'azin jarumta, kuma a kan maraya na sauke wa'azin duka.

Gudun ya kai shi Birnin Kebbi, ya kai shi gasar ƙasa, daga can wata jami'a a Amurka ta ɗauke shi ya yi karatu yana yi mata tsere. A shekararsa ta biyu ya bugo waya ya ce wani koci ya ga gudunsa ya ja shi cikin ƙwallon ƙasar. Na ce ai ƙwallo ƙwallo ce. Ya yi dariya ya ce wannan da hannu ake riƙe ta, siffarta kamar gwanda, kuma ana sa hular kwano saboda karo. Ban fahimta ba, ban kuma ce ban fahimta ba. Malamin wasanni ne ni, ina zan yarda yaron da na koya wa ɗaura takalmi ya koya mini wasa?

Da ya gama jami'a, wani babban kulob na masu cin abinci da wasan ya kira shi gwaji. Wani abokin aikina, malamin kimiyya ɗan Zuru, Kirista mai haƙurin bayani, shi ya zauna ya warware mini yadda abin yake. Kafin a fara kakar wasa, kulob yakan tara mutum kusan casa'in a sansani, a yi wasannin gwaji uku, sannan a tankaɗe a bar hamsin da uku. Aikin da yaronmu ke nema guda ne: in abokan hamayya suka daki ƙwallo sama, shi zai tsaya can baya shi kaɗai, ya cafe ta, ya dawo da ita a guje iya inda ƙafarsa ta kai, alhali mutum goma sha ɗaya sun taho su kayar da shi. Gurbi ɗaya ne, su biyu ke nemansa, shi da wani ɗan ƙasar da ya tashi cikin wasan tun yana ƙarami. Wanda aka bari ya samu sana'a, wanda aka sallama ya kwashe kayansa a ranar.

Damina ce lokacin, gero ya fara fitar da kai. Wasan nasu yakan zo muna barci, don haka sai washegari bayan la'asar malamin nan ya sauko da shi a wayarsa, mu taru a majalisarmu ta gindin dogon yaro, kawuna bakwai a kan gilashi ɗaya. Cikinmu akwai wani Babarbare mai sayar da kanwa da gishiri, ya fi shekara talatin a Kalgo. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, ni da shi kuwa mun mai da shi abincin yau da kullum. In ya gan ni ya ce ga bawansa ya iso, in ce masa yaushe bawa ya fara gaisar da ubangidansa a zaune. Shekara da shekaru muna haka, ko sau ɗaya ban taɓa jin haushi ba.

A wasan farko sau uku aka dako masa ƙwallo. Ta farko ya cafe ya tsaga tsakiyar mutane, ya kauce wa ɗaya, ya bar na biyu yana rungumar iska, sai can wajen tsakiyar fili aka tura shi waje. Na miƙe tsaye ban sani ba. Wannan takun nawa ne, a kan yashin fadama na gina shi. Amma a ta biyu, ƙwallo na sama, sai na ga ya ɗaga hannu ɗaya bisa kansa yana kaɗawa. Ya cafe, ya tsaya cik. Ƙartin da suka taho a guje suka ja birki suka wuce ta gefensa, ba wanda ya taɓa shi. Ta uku ma haka.

Babarbaren nan ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam, wanga ɗan naka gaisuwa shika yi da mutane ko mi? Bahillace ya ga maza sun taho, ya ce a yi mai rai!"

Malamin kimiyya ya ce ba haka ba ne. Ya ce doka ce ta wasan: in mai cafewa ya duba ya ga an riga an cim masa, ba sararin gudu, sai ya kaɗa hannu, shi ke nan ba mai ikon taɓa shi, shi ma ba zai gudu ba, ƙwallo ta zauna a hannun kulob ɗinsa lafiya. Ya ce sanin lokacin da za a yi hakan shi ne rabin aikin. Bayani mai kyau ya yi, amma ba wanda ya saurara, don dariya ta fi bayani daɗi.

Kafin kwana uku abin ya zama gaisuwata a gari. In na doso majalisa sai hannaye shida su tashi sama suna kaɗawa. Mai kifi a kasuwa, da na taya ya ga tayin ya yi ƙasa, sai ya ɗaga hannu ya ce ya sallama. Har cikin ɗalibaina wani ya yi mini daga bayan aji. Na yi ta yaƙe, ina cewa za su gani. Ciki kuwa ina tafasa. Wasa ne, na san wasa ne, ni da bakina na yi wa Babarbaren nan wanda ya fi wannan zafi ranar da ɗansa ya faɗi jarrabawar shiga soja. Sai dai wannan karon ya taɓa inda ke mini ƙaiƙayi tun ina yaro a Ceberu, ina bayan 'yan kallo.

A wasa na biyu ya sake ɗaga hannun, sau ɗaya cikin biyu. Ɗan ƙasar da suke takara da shi bai ɗaga ba ko sau ɗaya, ya yi gudu mai kyau, sannan ƙwallo ta kuɓuce masa a wani karo abokan hamayya suka ɗauke. Malamin kimiyya ya nuna mini wurin da yatsa, ya maimaita mini shi sau biyu, ya ce in duba da kyau. Ni ba abin da na gani sai cewa ɗan wasu ya shiga maza, nawa ya tsaya yana kaɗa hannu.

Cikin makon ƙanwata ta shigo Kalgo ganin likitan ido, ta biyo ta gidana. Ba ta taɓa kallon wasan ba, ba ta kuma nemi gani ba. Tana ɗaura mayafi za ta tafi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaya, wanga wasa da yaron wurinka shika yi, an ce ana bugun mutane ciki."

Na ce suna da hular kwano da sulke, ba abin da ke samunsu.

"To. In kun yi magana ka ce mishi in ya ga abu ya hi ƙarhinai, shi tsaya. Ba a gardama da abin da yaf hi ka."

Na ce zan faɗa masa. A raina kuwa na ce maganar mata ke nan.

Ranar Lahadi da rana ya kira, kamar yadda ya saba. Muryarsa a sake, har da 'yar dariya. Bayan gaisuwa ya ce, "Kawu, akwai magana mai daɗi. Jiya koci ya kira ni ohis, yac ce..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce ya ajiye maganar koci tukuna, ni ne kocinsa na farko. Na tambaye shi wa ya koya masa ɗaga hannu, don ni dai ban koya masa ba. Ya fara cewa doka ce, na ce na san dokar, an karanta mini ita har ta ishe ni. Na ba shi labarin mai madubi na Ceberu, wanda ya riga ya ji sau ɗari. Na ce ya mai da ni abin dariya a Kalgo, ba na iya zama majalisa, ba na iya sayen kifi. Na ce in tsoro yake ji ya dawo gida, gonar ubansa tana nan a Wurogauri tana jiran mai noma. Wannan ta ƙarshen ita ce har yau nake jin ɗacinta a harshena, don na san inda na nufa da ita, kuma ta samu wurin.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "To, Kawu."

Saƙon uwarsa ban ba shi ba. Ba mantawa na yi ba. Yana bakina lokacin da muke sallama, na haɗiye shi.

Ranar kallon wasa na uku na riga kowa zuwa gindin dogon yaro. Malamin kimiyya ya iso a makare, ya zauna bai fito da wayar ba. Ya ce ko mu bari sai gobe, cajinsa ya yi ƙasa. Na ce ga shagon tela nan, a jona. Ya dube ni, ya ga ba zan bari ba, ya kunna ya miƙo mini ita a hannuna, shi kuwa ya juya yana kallon hanya.

An daki ƙwallon ta yi sama sosai, irin wadda ke daɗewa ba ta sauko ba. Ko ni da ban san wasan ba na ga cewa an cim masa, mutum biyu sun taho babu kowa a gabansu. Na ga hannunsa na dama ya ɗan motsa daga gefen cinyarsa, ya kai wajen ƙugu, ya koma. Ya cafe ƙwallon, ya ɗaga ƙafa zai taka, na farko ya same shi a ƙirji, na biyu a gwiwa ta gefe. Ƙafar ta lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwasawa. Ƙwallon ta yi tsalle ta bar shi, wani ya ɗauka ya wuce da ita, mai ɗaukar hoto ya bi mai ƙwallo. Da aka dawo kansa yana kwance, mutane sun durƙusa kewaye da shi, wata 'yar mota ta shigo fili.

Can sai Babarbaren ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Subhanallahi. To mi yah hana shi ɗaga hannu awa ran nan?"

Na dube shi. Da gaske yake tambaya, idonsa ya kawo ruwa. Shi a wurinsa duk abin da ya faɗa cikin makonnin nan iska ce, ya faɗa ya manta, kamar yadda muka saba shekara da shekaru. Na so in shaƙe shi, na so in ce kai ne, amma ba shi ya ɗauki waya ranar Lahadi ba. Na miƙa wa malamin kimiyya wayarsa na tafi gida.

Kwana biyu ina kira ba a ɗauka. A na uku ya kira da kansa daga asibiti, an yi masa aiki a gwiwa, jijiyoyi biyu sun tsinke. Muryarsa a dushe saboda magani. Na yi masa sannu. Sai ya ce:

"Kawu, ka gani ko? Ban ɗaga ba."

Na yi ta neman gori a cikin maganar ban samu ba. Da gori ne da na fi samun sauƙi. Faɗa mini yake yi kamar yadda yakan faɗa mini yana yaro cewa ya kai kwalbati ya dawo bai tsaya ba, yana jiran in ce madalla. Na tambaye shi, don in kauce, wace magana ce koci ya faɗa masa ranar da na katse shi. Ya ce a bar ta, ta wuce. Na matsa. Ya ce kocin ya gaya masa cewa in dai ba wani abu ya faru ba, gurbin nasa ne. Ɗan ƙasar da suke takara ya fi shi sanin wasa, gudunsu kusan ɗaya, amma yaronmu ya san lokacin tsayawa, kuma mai cafewar da ba ya zubar da ƙwallo suke nema. Abin da kawai aka ce masa shi ne ya yi wasa na uku yadda ya yi na biyun farko.

Ni da na shekara ashirin ina zaɓen yara, an zaɓi nawa, na sa hannu na cire shi. Wancan ɗan ƙasar aka bari. Yaronmu bai sake buga wasan ba. Yana can har yanzu, yana aiki a wani wurin motsa jiki, yana ɗingishi in sanyi ya shigo. Duk Lahadi yana kira, yana tambayar ciwon bayana, bai taɓa tayar da maganar ba. Majalisa kuwa na daina zuwa. Babarbaren ya zo gidana sau biyu da ƙullin kanwa yana ba ni haƙuri a kan laifin da ba nasa ba, na karɓa na yi godiya, ban gaya masa gaskiya ba shi ma.

Amma kafin duk wannan, washegarin kiran asibiti, sai da na hau babur na tafi Wurogauri, don bai kamata uwa ta ji a bakin duniya ba. Ruwa ya ɓata hanyar, na yi ta sauka ina turawa. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta kawo mini ruwa, muka gaisa, ta koma kan wakenta. Na faɗa mata a taƙaice: ya ji ciwo a ƙafa, an yi aiki, yana samun sauƙi, wasan dai ya ƙare. Ta ce Allah shi ƙara sauƙi, hannunta bai tsaya ba. Na ji daɗin wannan kunya tata a lokacin, na ɗauka za ta rufa mini asiri in tashi in tafi.

Ina neman takalmina ta ce, "Yaya, ka ba shi saƙona?"

Ina iya cewa na ba shi, ba ta da hanyar ganewa, shi kuma ba zai taɓa tona ni ba. Na buɗe baki ƙaryar ta ƙi fitowa. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa ina kallon faifan.

Ta daɗe tana dubana, abin da ba ta taɓa yi ba tun muna yara a Gwandu. Sannan ta ajiye faifan a ƙasa, ta juya fuskarta wajen bango, ta kira sunansa. Cikakken sunan da aka raɗa masa ranar suna, a hankali, sau biyu. Shekara ashirin da huɗu da haihuwarsa, ranar na fara jin sa a bakinta.